BABI NA UKU: AIKIN GIDA NA LISSAFI DA SIFELIN DA TURANCI A MAKARANTUN FIRAMARE

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda malami yake gabatar da darasi a cikin aji. A wannan babi kuwa za a bi yaro ne zuwa gida, domin a ga abin da yake faruwa da aikin da malami ya ɗora masa bayan an tashi daga makaranta. An zaɓi darussa uku, wato Lissafi da Sifelin da Turanci, saboda su ne aka fi ba yara aiki a kansu, kuma su ne iyaye suka fi dubawa idan suna son su gane ko ɗansu yana ƙaruwa. Abin da ake son a nuna shi ne, waɗannan darussa uku ba su zama ɗaya ba idan suka shiga gidan Bahaushe. Wani yana samun mai taimako a gida, wani kuwa ba ya samu, amma sau da yawa malami yakan bayar da su ne kamar dukkansu gida ɗaya za su tarar.

3.1 Ma'anar Aikin Gida da Ra'ayoyin Masana

Aikin gida, a wannan nazari, shi ne duk wani aikin karatu ko rubutu da malami ya ba ɗalibi domin ya yi shi ba a lokacin makaranta ba, ya kuma kawo a duba. Ya kamata a lura cewa wannan suna yana da harshen damo, domin a wurin uwa aikin gida shi ne shara da wanke-wanke da ɗiban ruwa da raino. Wataƙila wannan ne ya sa wasu marubuta littattafan makaranta suka fi son kalmar jinga, wadda asalinta aiki ne da ake yanke wa mutum, a yi ciniki, ya yi shi a lokacin da ya ga dama. A ganin mai wannan nazari jinga ta fi dacewa, to amma tunda aikin gida ne ya fi yawo a bakin malamai da iyaye, shi za a ci gaba da amfani da shi. Kuma ma'anonin nan biyu ba su rabu da juna ba, tunda lokaci ɗaya suke takara a kansa, musamman a wajen 'ya mace.

Ba yau aka fara gardama a kan amfanin wannan aiki ga ƙananan yara ba. A shekarar 1901 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 15 aikin gida, kafin daga baya a soke dokar. A Faransa an hana bayar da aikin gida na rubutu a firamare tun 1956, ko da yake malamai da yawa ba su daina ba. A 2021 ƙasar Sin ta hana aikin rubutu na gida ga 'yan aji 1 da 2, ta kuma ƙayyade wa 'yan aji 3 zuwa 6 abin da bai wuce minti 60 ba. Cooper (1989), wanda ya tattara bincike masu yawa da aka yi a kan wannan batu, ya nuna cewa alaƙar da ke tsakanin aikin gida da cin jarrabawa tana da ƙarfi ne a manyan azuzuwan sakandare, amma a firamare ba ta taka kara ta karya ba. Da shi da abokan aikinsa suka sake nazari a 2006, kusan abin da suka samu ke nan. Akwai kuma shawarar da ta shahara a Amurka, wadda ta ce a ba ɗan aji ɗaya aikin minti 10, a riƙa ƙara minti 10 a kowane aji.

Duk waɗannan bayanai daga ƙasashen da mafi yawan yara suke karatu da harshen da suke ji a gida suka fito. Idan har a can ana shakkar amfaninsa, ashe a nan tambayar ta fi nauyi.

3.2 Gidan da Aikin Yake Tararwa

Yaron firamare a ƙasar Hausa ba makaranta ɗaya yake yi ba. Da yawa sukan je makarantar allo da sassafe ko bayan magariba, su je boko da hantsi, sannan su tafi Islamiyya bayan la'asar, kuma kowace daga cikinsu tana da abin da take so a riƙe mata. Malamin allo yana jiran yaro ya iya abin da aka biya masa kafin ya wanke allo, malamin Islamiyya yana jiran hadda, ga kuma aike da talla da kiwo ko gona, gwargwadon gidan da yaro ya fito. Lokacin da ya rage masa shi ne bayan sallar isha'i, ga gajiya, ga shi sau da yawa babu wuta sai fitila ko hasken waya.

Abin lura a nan shi ne, aikin makarantar allo da na Islamiyya bai cika gagarar gida ba. Da wuya a rasa wanda zai saurari yaro ya gyara masa harafi, ko uwa ko kaka ko maƙwabci, domin su ma ta nan suka bi. Wannan ya nuna cewa ba ƙin taimako iyaye suke yi ba. Inda suka san hanya suna taimakawa.

Matsalar boko ta harshe ce. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankin, daga baya a koma Turanci, kuma bugun 2004 ya fayyace cewa shekara uku na farko ake nufi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da a yi dukkan shekara shida na firamare da harshen uwa, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi ya sanar da janye wannan tsari, aka mayar da Turanci harshen koyarwa. A duk tsawon wannan kai da kawo, littattafan da ake ciro aikin gida daga cikinsu galibi na Turanci ne. Malami yakan yi bayani da Hausa a aji don yara su gane, amma abin da ya rubuta a allo suka kwafa suka tafi da shi gida Turanci ne zalla. Bayanin ya tsaya a aji, tambayar ce kaɗai ta je gida.

3.3 Aikin Gida na Lissafi

A cikin darussan uku Lissafi ne ya fi dacewa ya samu gata, domin babu gidan da ba a yin sa. Matar da ke sayar da ƙosai ko ƙuli-ƙuli tana lissafin uwar kuɗi da riba ba tare da ta taɓa riƙe fensir ba, haka mai awo a kasuwa, haka masu adashi. Harshen ma ya tanadi kalmomin da ake bukata: tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, rabi da kwata da sulusi.

Tsarin ƙidayar Hausa kuma yana da wani sauƙi da ba a cika kula da shi ba. Idan Bahaushe ya ce goma sha uku, ya fara ambaton goma sannan uku, daidai da yadda ake rubuta 13. A Turanci kuwa kalmar thirteen da uku take farawa, ga shi kuma ta yi kama da thirty a kunnen yaro. Saboda haka idan aka ga yaro ya rubuta 31 ko 30 a inda ake son 13, ba lallai ne a ce bai san ƙidaya ba, mai yiwuwa kunnensa ne bai rarrabe kalmomin ba. Har ila yau, tsofaffi sukan ce ashirin ba ɗaya a maimakon goma sha tara, ko talatin ba biyu a maimakon ashirin da takwas, wanda shi kansa darasin ɗebewa ne a cikin magana.

To, ina gizo yake saƙa? Wuri na farko shi ne bambancin hanya. A ɗauka an ba yarinya 'yar aji huɗu wannan aiki: 500 a ɗebe 360. A makaranta an koya mata ta jera lambobi, ta fara daga dama, ta ce shida ba ta fita daga sifiri, sai a ranto ɗaya daga biyar. Idan ta manta cewa biyar ɗin ta koma huɗu, sai ta samu 240. Amma wannan yarinya idan tana talla aka sayi kayan naira 360 aka miƙo mata ɗari biyar, ba ta ranto komai. Za ta ce arba'in ta cika ɗari huɗu, ɗari ta cika ɗari biyar, canji ɗari da arba'in, kuma ba za ta yi kuskure ba, don ta san abin da zai biyo baya a gida idan kuɗi suka yi giɓi. Idan ta kai wa uwarta aikin, uwar ma ta wannan hanya za ta ba da amsa daidai, amma malami zai ƙi karɓa saboda ba a nuna aiki ba. Daga nan uwa ta ɗauka lissafin boko wani abu ne dabam da ya fi ƙarfinta, sai ta janye hannu. Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka ga haka ba. Carraher da abokan aikinta (1985) sun gwada yara masu talla a birnin Recife na Birazil, suka tarar suna warware lissafi a wajen ciniki, amma da aka ba su irinsa a takarda sai da yawa suka kasa.

Wuri na biyu shi ne lissafin da ake bayarwa cikin zance. A nan yaro jarrabawa biyu yake yi a lokaci ɗaya, ta Turanci da ta Lissafi, kuma idan ya faɗi ta farko ba zai ko kai ga ta biyu ba. Alal misali, an koya masa a darasin Turanci cewa left hagu ne, sai ga tambaya ta ƙare da how many are left, inda ake nufin nawa suka rage. An koya masa table tebur ne, sai ga shi ana nufin jadawalin sau. Kalmar difference a wajensa bambanci ce, ba ya ganin dalilin da zai sa ta zama umarnin ya ɗebe. Yaron da ya ga haka yakan tattara duk lambobin da ya gani a cikin tambayar ya tara su, ya rubuta abin da ya samu. Malami ya ja masa jan biro, a rubuta cewa ba ya ja a Lissafi, alhali da an ce masa "Audu yana da goro goma sha biyu, ya ba kakarsa biyar, nawa suka rage?" kafin a rufe baki ya amsa.

Jadawalin sau kuwa yana cikin abin da ya dace a ba yara su tafi da shi, domin kunnensu ya saba da hadda, kuma yayye suna iya sauraronsu. Sai dai a nan ma akwai yaron da zai rera jadawalin bakwai tun daga farko har ƙarshe, amma idan aka tsare shi aka ce bakwai sau shida nawa, sai ya koma farko ya fara gangarowa.

3.4 Aikin Gida na Sifelin

Da kalmar sifelin ana nufin iya jera haruffan kalma daidai, kuma akan auna shi ta hanyar shifta, wato malami ya faɗa yara su rubuta. Abu biyu ne suke ƙarƙashin wannan suna, kuma ba su da haɗi sosai.

Na farko shi ne rubutun Hausa. Tun da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko a 1912, aka yi ta gyara har aka kawo haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, aka kuma yi taron Bamako a 1966. Abin da aka samu shi ne rubutun da kusan kowane harafi yake da sauti ɗaya tak. Yaron da ya iya ba, be, bi, bo, bu, ya kuma iya haɗa gaɓa da gaɓa, zai iya rubuta kalmar da bai taɓa gani ba. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinsa, domin ta yi kama da yadda ake fita daga babbaƙu a shiga farfaru a makarantar allo. Saboda haka ba a bukatar a ba shi jerin kalmomin Hausa ya haddace. Inda ake bukatar aiki wurare ne ƙididdigaggu. Akwai lanƙwasa, wadda rashinta yake mayar da ƙafa kafa, baƙi baki, ɗaki daki. Akwai kuma raba kalma da haɗe ta, kamar yana da ake rubutawa a haɗe, da shi ne da ake rabawa, da bambancin a kan ta wuri da akan ta sabo. Abin takaici shi ne a nan gida yana iya ɓata abin da aji ya gyara, domin yayyen da za su duba wa yaro sun saba da rubutun waya, inda ba a damu da lanƙwasa ko rabon kalma ba. Kuma wannan sifelin na Hausa, wanda shi ne mai sauƙin samu, shi ne aka fi yin sakaci da shi.

Na biyu shi ne sifelin na Turanci, wanda shi ne malamai suke nufi idan suka ce sun ba da sifelin. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kimanin 44, kuma rubutunsa bai bi furucinsa ba. Harafin c, wanda a Hausa sauti ɗaya gare shi kamar a ciki da cokali, a Turanci yakan zama k a cat, ya zama s a city. Akwai k da ba a furtawa a knife. Kalmomin though da through da tough ƙarshensu ɗaya a ido, amma kowace da yadda ake faɗinta. A kan wannan sai a ƙara abin da yaro ya zo da shi daga harshensa. Hausa ba ta bambanta p da f, saboda haka pan da fan ɗaya suke a kunnensa. Ba ta da v, sai very ta koma bery. Ba ta kuma son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani, shi ya sa bread ta zama burodi a bakin Hausawa, kuma shi ya sa yaro yake rubuta sukul a maimakon school. Waɗannan kurakurai ba na sakarci ba ne, suna da tsari, kuma malamin da ya san tsarin sautin Hausa zai iya faɗinsu tun kafin yara su yi.

Abin da aka saba yi shi ne a rubuta kalmomi goma ko ashirin a allo ranar Litinin, a ce a haddace, a yi shifta ranar Juma'a, wanda ya faɗi kuma ya rubuta kowace kalma sau goma. Kalmomin ba su da dangantaka da juna, kuma sau da yawa yaro bai san ma'anarsu ba, bai kuma ji yadda ake furta su ba sai sau ɗaya. Zai zauna yana rera sunayen haruffa kamar waƙa, ya ci ranar Juma'a, ya manta kafin wata Juma'ar. Tun a 1897 Rice ya gwada dubban yara a Amurka, ya tarar makarantun da suke ɓata lokaci mai tsawo a kan haddar sifelin ba su fi waɗanda suke ba shi ɗan lokaci ba. Da malami zai ba da kalmomi biyar masu tsari ɗaya, kamar night da light da right, bayan ya furta su ya kuma faɗi ma'anarsu da Hausa, da yaro ya tafi gida da ƙa'ida ɗaya wadda za ta buɗe masa wasu kalmomin.

3.5 Aikin Gida na Turanci

Wannan shi ne maraya a cikin ukun. Lissafi yana da 'yan'uwa a gida, sifelin ana iya haddace shi ko ba a gane ba, amma cike gurbi da amsa tambayoyin fahimta da rubuta insha'i suna bukatar wanda ya ji harshen. Yaron da ba ya jin Turanci a gida ko a unguwa, idan aka ce ya rubuta jimla biyar a kan makarantarsu, da Hausa zai yi tunani sannan ya juya. Daga nan ake samun borrow me your pen, saboda ara mini, da I am hearing hunger, saboda ina jin yunwa, da drink medicine ko da ƙwaya ce, saboda shan magani. Haka nan yakan kira mota she, tunda a Hausa mota mace ce. A cikin aji malami zai ji ya gyara nan take. A gida kuwa yaro zai maimaita kuskuren sau biyar, ya ƙara zama masa a ka.

A tambayoyin fahimta yara sun gano wata dabara, wato su nemi kalmar da ke cikin tambaya a cikin labarin, su kwafe jimlar da ta ƙunshe ta gaba ɗaya. Sau da yawa dabarar tana ci, har a ba su maki. Wanda bai iya wannan ba sai ya kai wa yayansa na sakandare ya rubuta masa, ko ya yi sammako ya kwafa a wurin abokinsa kafin a buga ƙararrawa, kuma yanzu har waya ake ba wa tambayar ta amsa. Littafi zai dawo cike da amsa daidai, malami ya ɗauka darasi ya zauna, ya wuce gaba. Wanda ya zo da littafi babu komai kuwa, wataƙila don gidansu babu wanda ya yi boko, shi ne zai sha bulala ko tsallen kwaɗo. Ashe ke nan abin da aka auna ba ƙoƙarin yaro ba ne, gidansu aka auna.

A wasu makarantun kuɗi kuma yawan aikin gida ya zama abin talla. Iyaye suna biyan kuɗi, suna son su ga shaida, saboda haka akan cika wa ɗan aji ɗaya jaka da shafuka, uwa ta riƙe hannunsa ta rubuta, ko a ɗauko malamin lesin ya yi. A makarantun gwamnati matsalar ta juya: aji ya cika maƙil, malami ɗaya ba zai iya duba littattafan duka ba, sai ya sa hannu kawai ko ya sa manita ya duba. Aikin da ba a duba ba kuwa yara suna saurin ganewa, kuma daga ranar suke daina wahalar da kansu.

Akwai aikin Turanci da yaro zai iya yi shi kaɗai. Ana iya cewa ya sake karanta shafin da aka riga aka karanta aka kuma fassara a aji, ya karanta wa wani a gida da babbar murya, sannan ya gaya masa abin da labarin ya ƙunsa da Hausa. Mai sauraro ba ya bukatar jin Turanci kafin ya gane ko yaron ya fahimta, domin labarin da ba a gane ba ba ya faɗuwa. Ana iya sa shi ya kwafo kalmomin Turanci biyar daga jikin gwangwanin madara ko kwalin ashana ko allon shago, ya kawo aji a tattauna. Ana kuma iya sa shi ya tambayi kakarsa tatsuniya, washegari a taru a juya jimla uku na farko zuwa Turanci a allo, inda malami yake tsaye, kuma a nan ne za a ci karo da kalmomi irin su gizo da ƙoƙi, a ga yadda za a yi da su.